Keɓaɓɓun Kalmomin Kyamara da Kwamfuta a Bakin Ma'abota Na'urori a Garin Jos

1.0 Gabatarwa

Tun bayan wallafa littafin Hausa Metalanguage a shekarar 1990, masana sun ƙara mai da hankali ga samar da keɓaɓɓun kalmomi na fannoni daban-daban. Galibin wannan aiki an gudanar da shi ne a zaurukan taro da sassan fassara na gidajen rediyo. Amma akwai wani rukuni na jama'a wanda ba a cika waiwayarsa ba, alhali kuwa shi ne ke ta'ammali da na'urorin zamani safe da yamma. Rukunin ya ƙunshi masu ɗaukar hoto, da masu gyaran kwamfuta, da kuma matasan da sha'awa kawai ta sa suke saye da warwarewa da haɗa waɗannan na'urori. A wannan takarda za a kira su "ma'abota na'urori".

Manufar takardar ita ce ta bayyana hanyoyin da waɗannan mutane suke bi wajen laƙaba wa sassan kyamara da kwamfuta suna a garin Jos, sannan ta nuna wuraren da kalmomin nasu suka wadatar da kuma inda suka gaza. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, ingancin keɓaɓɓiyar kalma yana bayyana ne a lokacin da gwani yake ba ɗan koyo shawara, domin a nan ne kuskuren fahimta yake jawo asarar kuɗi ko ta aiki.

2.0 Dalilin Zaɓen Jos

Garin Jos ya bunƙasa ne a sanadiyyar haƙar kuza, wadda Turawa suka tsunduma cikinta a farkon ƙarni na ashirin. Ma'aikata sun kwararo daga sassa da dama, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere da sauran al'ummomin yankin, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa da cuɗanya. Ma'adinan ne suka jawo layin dogo daga Zariya a 1914, da kuma kamfanin lantarki na NESCO, wanda aka kafa a 1929 domin samar da wuta daga ruwan Kurra. Ke nan mutanen Jos sun daɗe suna magana a kan injuna da lantarki cikin Hausa.

Bayan haka, Jos cibiya ce ta harkar hoto mai motsi. Gidan talabijin na tsohuwar Jihar Binuwai-Filato shi ne ya fara watsa shirye-shirye masu launi a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1970. A Jos Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, take da hedikwata. A nan ne kuma aka buɗe Kwalejin Talabijin ta NTA a 1980, da Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa a 1995. Waɗannan makarantu da Ingilishi suke koyarwa, amma da zarar ɗalibi ya fito, ya shiga shagunan titin Ahmadu Bello ko na Taminus neman batir ko gilashin kyamara, sau da yawa cinikin da Hausa ake ƙulla shi. A wannan mahaɗa ta aji da shago ake haifar kalmomin da za a duba.

3.0 Hanyoyin Samar da Kalmomi

3.1 Aro

Aro daga Ingilishi shi ya fi yawa, kuma kalmomin da aka aro suna bin tsarin sautin Hausa. Dubi waɗannan misalai:

1. a. photo → hoto
b. video → bidiyo
c. camera → kyamara
d. computer → kwamfuta
e. printer → firinta
f. studio → sutudiyo
g. cable → kebur
h. film → fim

A misali na 1a, sautin /f/ ya koma /h/ a gaban wasalin ƙurya, kamar yadda ake samu a fuɗu da huɗu, da kuma tsohuwar kalmar nan garmaho. A 1b, /b/ ta maye gurbin /v/ wadda Hausa ba ta da ita. A 1c an ganɗanta baƙin farko kamar a kyandir da kyaftin, a 1d kuwa an leɓanta shi. Misalai na 1e da 1f sun nuna saƙala wasali domin raba cunkoson baƙaƙe, 1h kuma ya nuna shafewa. Ƙarshen kebur ya bi sahun tebur.

Ta fuskar ƙirar kalma, waɗannan ararrun kalmomi sun zauna da gindinsu, domin sun sami jam'i irin na Hausa: hotuna, kyamarori, kwamfutoci, batura, finafinai. Waɗanda suka ƙare da wasalin -a, irin su kyamara da firinta da caja, jinsin mace suke ɗauka a daidaitacciyar Hausa. Sai dai a Jos, musamman a bakin waɗanda Hausa take harshensu na biyu, akan ji "kyamaran ya lalace" a maimakon "kyamarar ta lalace". Wannan raunin jinsi sananne ne a Hausar yankunan kudu maso gabas, bai kuma taƙaita ga kalmomin na'urori ba.

3.2 Faɗaɗa Ma'ana

Wannan hanya ita ce ta fi nuna basirar masu magana, don haka za a ɗan tsawaita bayani a kanta.

2. a. faifai
b. wankin hoto
c. dodon hoto
d. linzami
e. majigi

Asalin faifai shi ne marufin ƙwarya da ake saƙawa da kaba. Kamanninsa na da'ira ya sa aka ba abin da ake ɗorawa a garmaho wannan suna, daga baya kuma CD da DVD suka gaje shi. A yau ana cewa "faifan bidiyo" ga abin da aka turo ta waya, wanda ba shi da da'ira, ba a kuma iya riƙe shi da hannu. Ma'anar ta tashi daga mazubi ta koma kan abin da ke ciki.

Haka wankin hoto yake. A zamanin fim mai faɗin milimita 35, wanda kan ɗauki hoto 24 ko 36, sai an tsoma fim cikin ruwan magani a ɗaki mai duhu, a tsayar da hoton da wani maganin, sannan a ɗauraye da ruwa. Wanki ne na haƙiƙa. Injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kuma a cikin shekarun 2000 irin wannan kyamara ta ture fim daga kasuwa. Duk da haka, wanda ya kai waya sutudiyo har gobe cewa yake a "wanke" masa hoto, ko da kuwa firinta ce za ta feso tawada a kan takarda. Dodon hoto kuwa, wato fim ɗin da aka wanke wanda fari ya koma baƙi a jikinsa, bai yi irin wannan sa'a ba. Da abin ya ɓace, sai kalmar ta bi shi, har matasa da yawa ba su san ta ba.

Linzami na doki ne, amma an ba da sunan ga abin da ake juya kibiyar fuskar kwamfuta da shi. Bature siffar ɓera ya gani, Bahaushe kuwa aikin sarrafawa ya duba. Majigi ararriyar kalma ce daga sunan fitilar nuna hotuna ta Turawa, ta zama sunan silimar da gwamnatin mulkin mallaka take yawo da ita a mota, yanzu kuma tana nufin na'urar haska rubutu a bango wurin lacca.

Aikatau ma sun faɗaɗa: ana sauke abu daga intanet, a ɗora shi, a tura wa wani, a adana, ko a goge.

3.3 Ƙirƙira

Ƙirƙirarrun kalmomi irin su na'ura mai ƙwaƙwalwa, da yanar gizo, da madannai, sun fi fitowa daga kafofin watsa labarai da marubuta. Yanar gizo ta karɓu sosai. Na'ura mai ƙwaƙwalwa kuwa ta tsaya a labarai da rubutu, domin a shago ba mai furta gaɓoɓi bakwai alhali kwamfuta mai gaɓa uku tana nan. Darasin da ke ciki shi ne, gajarta tana daga cikin sharuɗɗan karɓuwa.

4.0 Inda Kalmomin Suka Gaza

4.1 Matsalar "Memori"

A cikin kwamfuta akwai sassa uku da tilas mai saye ya bambance. Na farko shi ne furosesa, mai yin lissafi da zartar da umarni. Na biyu shi ne RAM, inda ake baje aikin da ake cikin yi, wanda kuma duk abin da ke cikinsa yake gushewa da zarar an ɗauke wuta. Na uku shi ne wurin ajiya na dindindin, ko dai hadis mai faifan da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, ko kuma SSD wanda babu abin da ke motsi a cikinsa.

A bakin jama'a, na biyu da na uku duk memori ne, haka ma ɗan katin da ake sa wa kyamara ko waya. Kalmar ƙwaƙwalwa ma ba ta warware matsalar ba, domin wani furosesa yake nufi da ita, wani kuma RAM. Sakamakon haka, idan gwani ya ce wa ɗan koyo, "Kwamfutarka tana nauyi wajen tace bidiyo, ka ƙara memori," ɗan koyon yana iya sayo wurin ajiya mai gigabait 500, alhali matsalar ita ce RAM ɗinsa gigabait 4 ne kacal. Ya kashe kuɗi, nauyin kuma yana nan.

Wasu masu gyara sukan kauce wa ruɗanin ta hanyar kwatance: RAM tabarmar shanya ce, wurin ajiya kuwa rumbu. Wannan kwatance ya cancanci a ɗaukaka shi zuwa matsayin keɓaɓɓun kalmomi. Ana ba da shawarar rumbu ga wurin ajiya, da shimfiɗa ko faranti ga RAM, sannan a keɓe ƙwaƙwalwa ga furosesa kaɗai.

4.2 Sarrafa Haske a Kyamara

Abubuwa uku ne suke ƙayyade hasken hoto. Akwai faɗin kafar da haske yake bi a cikin gilashi, wanda ake aunawa da lambobi irin su f/2.8 da f/16, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar kafa. Akwai tsawon lokacin da marufi yake buɗe, kamar 1/60 ko 1/500 na daƙiƙa. Akwai kuma ƙarfin jin haske na na'urar, wato ISO, wanda kan fara daga 100 ya haura dubbai. Kowannensu yana da nasa tasiri: babbar kafa tana dusashe bayan hoto, marufi mai jinkiri yana sa abu mai motsi ya jirkice, ISO mai yawa kuma yana kawo tsaki-tsaki.

Hausar ma'abota na'urori tana da arziƙi wajen siffanta sakamako. Akan ce hoto ya fito raɗau, ko ya yi dishi-dishi, ko ya yi duhu, ko ya ƙone idan haske ya yi masa yawa. Amma wajen faɗin dalili, umarni ɗaya ake ji, "ƙara haske" ko "rage haske", wanda bai fayyace wanne daga cikin ukun za a taɓa ba. Idan ana son fayyacewa sai a tsallaka Ingilishi gaba ɗaya. Mai ɗaukar hoton kilisar dawaki da ya ƙara haske ta hanyar jinkirta marufi zai koma gida da hotunan da ba a gane doki a cikinsu, biki kuwa ba ya maimaituwa. Kalmomi uku gajeru, kafa da marufi da ji, za su iya cike wannan giɓi.

5.0 Harshen Ba da Shawara

Yanayin Jos yana tilasta wasu shawarwari na kula da na'ura. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, yana da sanyi da ƙura a lokacin hunturu, da ruwa mai yawa tare da tsawa daga Afrilu zuwa Oktoba. Ga irin jumlolin da ake isar da shawarwarin da su:

3. a. Kada ka cire gilashi a cikin ƙura.
b. Sanyi yana shanye batir, ka sa shi a aljihu.
c. In hadari ya taso, zare fulogi.
d. Kada ka bar gilashi a jaka da damina, zai yi fumfuna.
e. In an kawo wuta, dakata kafin ka kunna.

Kowace jumla tana da hujja ta kimiyya. Ƙura tana maƙalewa a kan sashen da ke karɓar haske a kyamara, ta fito ɗigo-ɗigo a kowane hoto. Sanyi yana rage kuzarin sinadaran batir na ɗan lokaci. Tsawa da dawowar wuta ba-zata suna iya turo ƙarfin da ya zarce bolt 230 da aka tsara, su ƙona allon na'ura. Laima kuwa tana haifar da fumfuna da ke cin fuskar gilashi. Abin lura ga masanin harshe shi ne, a jumlolin nan biyar ararrun kalmomi na zamani uku ne kawai, wato gilashi da batir da fulogi. Aikatau da sauran ginin jumla duk na Hausa ne. Ashe giɓin yana ga sunayen sassan da ido ba ya gani da kuma ma'aunai, ba ga harshen gaba ɗaya ba.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa ma'abota na'urori a Jos suna samar da kalmomi ta hanyar aro da faɗaɗa ma'ana, suna kuma karɓar ƙirƙirarrun kalmomi idan sun kasance gajeru. Ta kuma nuna fannoni biyu, ajiyar bayanai da sarrafa haske, inda kalma ɗaya take ɗaukar ma'anoni da yawa har ta jawo asara. Tun da Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa a 2013, Facebook kuma ya bi baya a 2016, bukatar daidaitattun kalmomi ta ƙaru, kuma duk abin da aka shigar cikin irin waɗannan manhajoji yana da wuyar janyewa. Don haka ana kira ga cibiyoyin nazarin harsuna da su haɗa kai da Jami'ar Jos da makarantun fim da talabijin da ke garin, a tattara kalmomin da ke bakin masu sana'a tun kafin irin su dodon hoto su ƙarasa ɓacewa. Kalmomin da aka ba da shawararsu a sashe na 4 ma sai an kai su shago an gwada, a ga ko ɗan koyo zai sayo abin da aka aike shi.