Ko ka sani? Kwamfutar da ake ganin kuskurenta da ido

Duk wanda manhaja ta taɓa mace masa a kan Linux ya san sauran zancen: a buɗe tagar umarni, a rubuta journalctl ko dmesg, a yi ta bin layuka ana laluben inda aka samu matsala. A Manchesta ta 1948 kuwa, kuskuren a fili yake, kallonsa ake yi.

Injin shi ne Baby, wanda Freddie Williams da Tom Kilburn da Geoff Tootill suka harhaɗa a Jami'ar Manchesta. Sunan jariri gare shi, amma nauyinsa ya kusa tan guda, da kwalaben lantarki kimanin 550. Duk girman nan, lambobi 32 kacal yake iya riƙewa, a fuskar gilashi irin na tsohuwar talabijin, wani gilashin kuma na nuna su ɗigo-ɗigo. In lissafi ya ɓata hanya, sai a ga ɗigon suna ta tsalle-tsalle ba sakamako. A tsayar da injin, a bi umarni ɗaya bayan ɗaya, a gyara da maɓallan hannu. Ran 21 ga Yunin 1948 manhajar Kilburn mai umarni 17 ta yi aiki daidai. Da aka nemi mafi girman lambar da ke raba 262,144 ban da ita kanta, minti 52 injin ya yi kafin ya ce 131,072. Akwai kwafinsa da aka ƙera a 1998 a gidan tarihin kimiyya na birnin.

Kwamfutar Ferranti Mark 1 ta 1951 ta zo da lasifika, har kunne ya shiga aikin: daga amon ake gane ko manhaja na tafiya ko ta maƙale. Da lasifikar nan Christopher Strachey ya kaɗa taken Birtaniya.

Wadda ta fi shafar mai Linux ita ce Atlas ta 1962, aikin Kilburn da abokansa. Ita ta fara yanka ƙwaƙwalwar kwamfuta shafi-shafi, injin da kansa yana kai su ma'aji yana ɗauko su. A kan wannan dabara Linux ke ware wa kowace manhaja gonarta. Wadda ta tsallaka iyaka, nan take a kashe ta, a bar saƙon "Segmentation fault". Mutane na jin haushin saƙon, alhali gata ne: manhaja guda ta tafi, sauran aikin ya tsira.

Ita kanta Linux ta bi ta Manchesta. A Fabrairun 1992, 'yan watanni bayan Linus Torvalds ya fitar da ita, Owen Le Blanc na cibiyar kwamfuta ta jami'ar ya haɗa MCC Interim Linux a kan faifan fulofi, ɗaya daga cikin kunshin farko da mutum zai girka ba sai ya tattaro komai da hannunsa ba.