Tankin Tsere Ko Na Kamfani: Hattara Kafin A Kira Mai Walda

Ranar 30 ga Mayu, 1964, a zagaye na biyu na gasar Indianapolis 500 a Amurka, motar Dave MacDonald ta ƙwace masa ta daki katanga. Tankinta cike yake da fetur. Nan take wuta ta tashi, motar ta dawo tsakiyar hanya tana ci, Eddie Sachs da ke biye ya afka mata. Dukansu biyu ba su kai labari ba. Kwana shida kafin nan, a filin Charlotte, tankin motar Fireball Roberts ya fashe a wata gasar NASCAR, ya yi jinyar ƙuna har ya rasu ranar 2 ga Yuli.

Waɗannan rashe-rashe su suka tilasta wa masu shirya tsere sake tunani, kamfanin taya na Firestone kuma ya fito da tankin da masu harkar ke kira "fiyul sel". Sunan yana ruɗa mutane. Ba shi da haɗi da na'urar da ke mayar da iskar haidurojin lantarki a motoci irin su Toyota Mirai. Wannan tankin fetur ne zalla.

Wanda ya san salka zai gane shi da sauri. Daga waje akwatin ƙarfe ne ko na alminiyam. A ciki akwai jakar roba da aka ƙarfafa da zaren Kevlar ko nailan, mai lanƙwasa idan an buge ta maimakon ta tsage. Cikin jakar kuma an cusa wani soso mai manyan ƙofofi, wanda ke hana mai kai-komo, yake kuma rage haɗarin fashewar tururin da ke taruwa a sama. A bakinsa akwai bawul da ke toshe kansa idan mota ta kife.

Jin haka sai mutum ya ɗauka duk mai son ransa ya cire tankin kamfani ya jefar. A nan da yawa ke tafka kuskure.

Mafi yawan masu shiga filin gudu a Amurka da Turai ba 'yan gasa ba ne. Mutum ne da motarsa ta zuwa aiki, ya biya kuɗi ranar Asabar ya yi zagayensa, da yamma ya tuƙa ta gida. Tankin da ke cikin irin wannan mota ba a kara zube aka ɗora shi ba. A yawancin motocin zamani yana ƙarƙashin kujerar baya, gaban aksul, inda bugu ke wahalar kaiwa, kuma a wajen ɗakin da mutum ke zaune. An gwada shi da karo na gaske: a Amurka akwai dokar FMVSS 301, mai ƙayyade yawan man da aka yarda ya zuba bayan an buga mota ta gaba, ta gefe da ta baya. Shi ya sa ajin Spec Miata, ɗaya daga cikin mafi cika a tseren 'yan sha'awa a ƙasar, ke barin direbobi su fafata kafaɗa da kafaɗa da tankin da Mazda ta saka.

To me ke kai mutane ga sauyawa? Galibi ba tsoron wuta ba ne, yankewar mai ne. A doguwar kwana, idan tanki ya yi ƙasa, fetur kan tattara gefe guda ya bar famfo yana zuƙar iska. Direba na taka totur, sai inji ya yi tari, mota ta saki jiki na daƙiƙa ɗaya ko biyu, da an miƙe kuma ta dawo kamar ba a yi ba. Masu Nissan 370Z sun san wannan ciwo sarai a kwanar dama. Maganinsa bai kai ga yanka mota ba. Na farko kyauta ne: kada a bar mai ya sauka ƙasa da rabi. Litar fetur ba ta kai kilo ɗaya ba, kusan giram 750 ce, don haka ƙarin lita 20 bai wuce kilo 15 ba, nauyin da mai koyo ba zai ma ji shi ba. Na biyu shi ne ƙaramin tankin ajiya na lita ɗaya ko biyu, wanda ke zama cike kullum yana ciyar da inji.

Haɗarin da ya fi girma yana kasuwar intanet. Akwai akwatunan alminiyam masu ƙyalli da ake tallatawa da sunan tankin tsere a farashi mai sauƙi, alhali babu jakar roba a cikinsu. Gwangwani ne kawai da aka yi wa walda, kuma jijjiga ko bugu na iya tsage shi a bakin waldar. Mai shi yakan cire safaya taya ya dasa shi a but, wato daidai wurin da kamfani ya tsara ya lotse idan an bugo ta baya. Tarihin Ford Pinto ya isa darasi: tankinta na bayan aksul, kuma a 1978 sai da aka janye motoci kusan miliyan 1.5 don gyara.

Ko na gasken ma yana da tasa wahalar. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, tana da matakai uku, FT3, FT3.5 da FT5, na ƙarshen shi ake sa wa motocin Formula 1. Kamfanoni irin su ATL da Fuel Safe ke ƙera su, kuɗinsu kuma kan zarce dala dubu tun kafin a biya bakanike. Jakar tana da wa'adi: shekara 5 daga ranar ƙira, sai ƙarin 2 idan kamfanin ya duba ya sabunta shaida. Soson shi ma yana ruɓewa, musamman a fetur mai haɗin etanol, ya dagargaje ya toshe filta. Sau da yawa allurar mai takan daina faɗin gaskiya, warin fetur kuma ya cika gareji.

Sannan tanki ba shi kaɗai yake ba. A gasar Formula 1 ta Baharen, ranar 29 ga Nuwamba, 2020, motar Romain Grosjean ta rabe biyu a shingen ƙarfe. Binciken FIA ya nuna man ya fita ne ta murfin dubawa da ya ɓalle da kuma mahaɗar tiyon da ta fizge daga jikin jakar. Ya fito daga wutar cikin ƙasa da rabin minti da ƙuna a hannuwa. Idan mahaɗa ta ci amanar ƙwararrun Formula 1, ina ga tiyon da aka ɗaure da kilif a gefen titi?

Akwai waɗanda tankin tsere ya zame wa dole: wanda dokar ajinsa ta wajabta, mai tsohuwar mota da tankinta ke bayan aksul ko tsatsa ta cinye shi, da mai tseren dogon zango da ke buƙatar mai da yawa. Su ma ɗin, masu duba mota kafin gasa ba sa sakin su haka nan. Za su nemi katangar ƙarfe da ta raba tanki da direba, kejin ƙarfe da ya riƙe akwatin daram, bututun shan iska da ya fita waje, da tiyo mai rigar waya. Daga ƙarshe mai dubawa ya sunkuya da tocila ya karanta kwanan watan da aka buga a jikin jakar. In wa'adi ya wuce, motar ba za ta taka filin ba ranar.