Kafin makarantarku ta sayi tuba na gwanjo

Duk shekara idan faretin 6 ga Maris ya matso, makarantu kan shiga neman kayan badujala. A cikinsu babu mai cin kuɗi kamar tuba, wato ƙaton ƙahon nan mai kaurin murya da ake rungumewa. Galibin waɗanda ke iso mana nan Ghana na gwanjo ne daga Turai, kuma sau da yawa mai sayarwa bai san muryar abin da ke hannunsa ba. Ni da nake koyar da yara busa, abu biyu nake dubawa kafin a yi maganar sidi nawa.

Na farko murya. Tuba iri huɗu ne: BBb, CC, Eb da F. Bambancinsu yana ga tsawon bututu. Na BBb ya kai kusan ƙafa 18 in an warware shi, CC 16, Eb 13, F kuwa 12. Ido kan yaudari mutum, don haka sai a busa. Ka buɗe manhajar auna sauti a wayarka, ka busa ba tare da danna bawul ko ɗaya ba. In ka samu Bb da F, to BBb ne. C da G, CC ke nan. Eb da Bb na nuna Eb, F da C kuma F. Kada ka tsaya a sauti ɗaya, domin Bb yana fita a iri biyu.

Me ya sa wannan ya dame mu? Takardun badujala irin na Ingila don Eb da BBb ake rubuta su. Ka kawo CC ko F, yaro zai danna yatsun da aka koya masa daidai, amma sautinsa ya saɓa wa na kowa.

Na biyu maƙeri. Bawul mai juyawa, wanda ake dannawa da 'yan faifai kamar cokali, al'adar Jamus da ƙasar Cek ce. Duba jikin faffaɗan bakin, nan ake zana suna: Miraphone, B&S, Alexander na Mainz, ko Červený da aka kafa tun 1842. Sunan ƙasa ma shaida ne. "GDR" na nufin bai wuce 1990 ba, "Czechoslovakia" kuma kafin 1993. Sai dai a kula, masana'antun can sun sha ƙera kaya su buga sunan dillali. Baƙon suna ba ya nufin jabu.

Daga nan ka juya kowane bawul ka saurara. Ƙwaras-ƙwaras na sanduna ana gyara shi. Bawul mai yoyon iska kuwa aiki ne babba, masu gyaransa ba su da yawa a nan. Lotsewar jiki ba ta kai wannan illa ba.

Kuɗin iyayen yara ne, jama'a. In mai kaya ya hana a busa, ku bar masa abinsa.