Katin Asibiti da Wayar Hannu a Yerwa

Ranar 10 ga Satumba 2024 mutanen Yerwa, wato Maiduguri, suka wayi gari cikin ruwa. Madatsar Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye unguwannin Fori da Gwange, ta kutsa har cikin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. An yi ta jimamin manyan injinan da suka lalace a sashen ɗaukar hoto da cibiyar masu ciwon daji, kuma abin jimamin ne. Sai dai akwai wata asara da ba a cika ambata ba. Wanda ya tsira da rigar jikinsa bai tsaya neman katin asibiti ba, balle takardar gwajin jini ko kwalin magani. Mai hawan jini da ya tsinci kansa a sansanin Bakasi, in likita ya tambaye shi abin da yake sha, iyakarsa ya ce wata 'yar farar ƙwaya ce, safe da yamma.

A nan ne amfanin adana bayanan majinyata a kwamfuta yake fitowa fili. Tsarin ba shi da wani sarƙaƙiya. Kowane majinyaci ana ba shi lamba guda, duk abin da aka yi masa kuma ana shigar da shi ƙarƙashin lambar: abin da likita ya gani, sakamakon gwaji, hoton ƙirji, maganin da aka rubuta, da wanda jikinsa ba ya so. Ɗakin gwaji na gama aiki sakamakon zai bayyana a gaban likita, ba sai ɗan'uwan mara lafiya ya yi ta safa da marwa da takarda a hannu ba. Ana kuma ajiye kwafin bayanan a wani rumbu da ke nesa da ginin, ta yadda ko ruwa ko gobara ba za su tafi da tarihin mutum ba. Ga masu ciwon ƙoda, waɗanda yawansu a Borno da Yobe ya daɗe yana tayar wa likitoci hankali, wannan batu ne na rai. Mai zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako, dole likitansa ya ga yadda jininsa yake sauyawa wata bayan wata.

Kada wani ya ce irin wannan ya fi ƙarfinmu, domin an gwada makamancinsa a nan ya kuma yi aiki. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya cibiyoyin lafiya 743 a jihar Borno, ta tarar kashi 35 cikin ɗari an rusa su gaba ɗaya. A shekarar ce kuma ta kawo tsarin gargaɗin gaggawa mai suna EWARS: akwati ɗauke da wayoyin hannu, kwamfutoci da cajar sola. Ma'aikacin lafiya a sansanin 'yan gudun hijira zai shigar da adadin masu gudawa ko ƙyanda da ya gani, saƙon ya isa Yerwa nan take, maimakon takarda ta yi kwanaki tana jiran motar da sojoji za su raka. Da kwalara ta ɓulla a sansanin Muna Garage a watan Agustan 2017, tsarin yana nan yana aiki. Abin da ya burge ni a ciki shi ne an ƙera shi daidai da halinmu, an san wuta za ta ɗauke, an san sabis zai yanke.

Mu kuwa mun san waɗannan biyun. A 2013 an rufe layukan waya na tsawon watanni saboda dokar ta-ɓaci. A Janairun 2021 aka tarwatsa turakun lantarki na hanyar Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu. Saboda haka duk manhajar da za a saya wa asibiti a nan, tilas ta iya aiki ba intanet, ta tura bayanan daga baya, kuma a haɗa ta da sola tun daga tushe.

Sai batun harshe, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci. Tsohuwar da aka kawo daga Dikwa ko Monguno, Kanuri take ji ko Larabcin Shuwa, wataƙila Hausarta ba ta da yawa, kuma ba lallai ta iya karanta boko ba. Saƙon tes na Turanci mai tuna mata ranar ganin likita bai amfane ta da komai ba. Saƙon murya na daƙiƙa talatin cikin harshenta, mai cewa ranar Talata ce, kada ta karya kumallo kafin gwaji, shi ne zai hana ta yin tafiyar banza ta ƙone kuɗin mota. Gidaje da yawa suna da wayar da za ta karɓi irin wannan kira.

Amma waya sau da yawa ta miji ce ko ta maƙwabci. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake kiyayewa sosai, don haka tun a ɗakin kati ya kamata a tambayi majinyaci lambar wa za a kira, da wane harshe, da kuma abin da bai yarda a faɗa ta waya ba.