Kama Da Wane Ba Ta Wane: Bayani A Kan Motar RAV4

Daga cikin motocin da suka yawaita a hannun fatake da malamai a wannan zamani akwai wadda kamfanin Toyota na ƙasar Japan yake ƙerawa, sunanta RAV4. Jama'a na kiranta ƙaramar jif saboda tudunta. Amma ya kamata mai niyyar saye ya san asalinta tukuna, kada ya zuba dukiyarsa a kan zato.

An fara fitar da ita a shekara ta 1994. Manyan motoci irin su Land Cruiser da Hilux, ƙashin ƙarfe mai kauri ake fara shimfiɗa musu, sa'an nan a aza bodi a bisa, kamar sirdi a kan doki. RAV4 kuwa bodinta da ƙashinta abu guda ne, yadda ake ƙera ƙananan motoci irin su Corolla. Daga nan alherinta ya fito, daga nan kuma iyakarta ta fito.

Alherin shi ne rashin nauyi. Sitiyarinta na da sauƙin juyawa, ba ta tangaɗi a kwana kamar manya, ba ta kuma shan mai irin nasu. Direba na zaune a sama yana hangen hanya. Ƙirar 2019 tsakanin cikinta da ƙasa ya ɗara inci 8, don haka takan haye ramukan da ƙaramar mota ke kartar ciki a kansu. Mutum biyar take ɗauka, in kuwa aka kwantar da kujerun baya sai ta haɗiye dilar atamfa ko kwalayen littattafai.

Iyakar kuwa ita ce ba a yi ta don dakon buhunan hatsi ba. Wanda ya mai da ita a-kori-kura, shokozoba za su fara ba shi labari. Har wa yau, ba kowace RAV4 ke ja da ƙafa huɗu ba. Da yawa ƙafafun gaba kaɗai ke ja. In mai fetur zalla ce, sai mutum ya sunkuya ya duba: in babu dogon ƙarfen da ke kai juyi ga ƙafafun baya, kada ya tunkari rairayi da ita.

Ƙirarta ma iri-iri ce. Ta 2006 zuwa 2012, yawanci safayar taya na rataye a ƙofar baya, kuma akwai mai silinda shida, mai gudu, mai kwankwaɗar fetur. Wasu masu silinda huɗu na 2006 zuwa 2008 an san su da ƙone baƙin mai, har kamfanin da kansa ya fitar da tsarin gyaransu, saboda haka lalle a gwada ma'aunin mai a kuma lura da hayaƙi. Daga 2013 aka mai da safaya ƙarƙashin but, aka daina silinda shida. Ta 2019 tana da giya takwas da ƙarfin doki 203, sai dai injinta na da ƙara in an matsa masa.

Akwai kuma mai haɗa fetur da batir, wadda ta fito a ƙirar 2016. Bisa awon hukumar Amurka, ƙirar 2019 mai fetur zalla kan yi kamar mil 30 a galan guda, mai batir kuwa kamar mil 40. Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya cikin watan Mayu na 2023, wannan rata ta zama kuɗi. Amma fa batirin in ya tsufa yana da tsada, kuma ba kowane bakanike ya san kansa ba.

Game da daraja, kayan gyaranta ba su da wuyar samu, in an tashi sayarwa kuma ba ta kwantai. Abin tsoro yana ga tsohuwa wadda aka shigo da ita daga ƙetare. Mai sayen doki haƙora yake dubawa, ba ado ba. Haka mai sayen wannan mota: ya duba ƙarƙashinta ko gishirin da ake watsa wa hanyoyi a ƙasashen sanyi ya ci ta da tsatsa, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ko ruwa ya taɓa shanye ta, ya gwada lambar jikinta mai harafi da adadi 17 da ta takardun kwastan, ya kuma je da bakanikensa, ba na dillali ba.

To, wanda bukatarsa ita ce kai iyali, da zuwa kasuwannin ƙauye da kaya matsakaita, ya sami abin hawa. Wanda kuwa ke son ratsa daji da lodi, ya ƙara kuɗi ya nemi babba. Haza wasalam.