Yadda Ake Haɗa Kumfar Aski Mai Kyau

Duk wanda ya shiga kasuwar Kwanar Dangora ko ta Tudun Wada zai ga wanzamai zaune a inuwa, kowa da zabirarsa. Wani yakan jiƙa kan mutum da ruwa zalla, ya murza, sannan ya sa aska. Wani kuma sai ya haɗa da sabulu. Akwai kuma samari da magidanta masu yi wa kansu gyaran fuska a gida da reza. Sau da yawa mutum yakan tashi daga aski fuska tana raɗaɗi, ko jini yana tsattsafowa a ƙeya. Akan ɗora wa aska laifi. Alhali kuwa wani lokaci ba a jiƙa gashin yadda ya kamata ba ne.

Busasshen gashi yana da tauri ƙwarai, musamman gashin gemu. Idan ya sha ruwa na minti 2 zuwa 3, sai ya kumbura ya yi laushi, aska ta yanke shi ba gardama. Amma ruwa zalla ba ya daɗewa a fata. Da hunturu, lokacin da iska take busar da komai, kafin wanzami ya gama gefe ɗaya, ɗaya gefen ya bushe. Aikin kumfa ke nan: ta riƙe ruwan a jikin gashi, ta kuma sa fata santsi don aska ta wuce ba tare da ta karce ta ba.

Ruwa da sabulu

Ba kowane ruwa ne yake ba da kumfa ba. Mata masu wanki sun san haka. Ruwan sama yana kumfa nan da nan. Ruwan wasu rijiyoyi kuwa yana ɗauke da gishirin ƙasa da ya narke daga duwatsu. Idan sabulu ya haɗu da shi sai ya tsinke, ya bar wani farin dauɗa yana yawo a kai. Wanda ruwan rijiyarsa yake haka, ya tafasa shi ya bar shi ya huce, don tafasawa takan rage matsalar. Ruwan ɗumi ya fi na sanyi, amma ban da mai ƙuna.

Akwai sabulun da aka yi musamman don aski. Kumfarsa ta fi kauri, ta fi jimawa. Wanda bai same shi ba, sabulun wanka mai laushi zai yi. Sabulun salo, wanda ake dafawa da ruwan toka da mai, shi ma yana kumfa sosai. Sai dai wani yakan zo da ƙarfin toka, ya riƙa cizon fata. A fara gwada shi a bayan hannu. Garin sabulun wanki kuwa na tufafi ne, kada a kai shi fuska ko kan yaro.

Yadda ake haɗawa

Da farko a wanke kai ko fuska da ruwan ɗumi, a bar wurin a jiƙe. A tsoma buroshin aski a ruwa, a yarfe shi sau ɗaya ko biyu. A nan ne masu koyo suke kuskure. Sukan bar buroshi yana zubar da ruwa, su ɗan taɓa sabulu, su ce ya isa. A goga buroshin a kan sabulu ana juyawa kamar rabin minti, har bakinsa ya cika da sabulu mai kauri.

Daga nan a koma cikin ƙaramin kwano, ko tafin hannu, a ci gaba da juyawa. Ana yi ana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan da yatsa, kamar yadda ake dama kunu. Ruwan da aka ƙara ba ya ciruwa, saboda haka gaggawa ba ta da amfani.

Ido zai nuna idan ta yi. Kumfa mai manyan ƙwayoyi, irin ta bahon wanki, ruwa ya yi mata yawa, kuma za ta ɓace kafin a fara aski. Sai a ƙara sabulu. Wadda take maƙalewa tana bushewa a fata kamar farar ƙasa, ruwa take nema. Mai kyau takan yi kauri da sheƙi kamar kindirmo, idan an murza ta tsakanin yatsu biyu a ji santsi. Yawanta ba shi ne kyanta ba. Wanda ba shi da buroshi ya murza sabulun a tafin hannu, ya shafa, ya cuɗa sosai har ya kai tushen gashi.

A bar ta minti 2 kafin a sa aska. A bi gashi ta inda ya kwanta. Masu murɗaɗɗen gashi su kula da wannan, domin askin da ya saɓa wa kwancin gashi yana jawo ƙuraje a wuya da ƙeya. Idan wani wuri ya bushe, a sake shafawa.

Abin da kumfa ba ta yi

Kumfa tana rage yanka, amma ba ta tsarkake aska. Ɗan yanka kaɗan ya isa cuta ta shiga jini. An fara ba da labarin samun cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, kuma jinin da ya rage a kan aska yana iya ɗaukarta. Ciwon hanta nau'in B ya fi ta saurin kamuwa ta wannan hanya, domin ƙwayarsa tana iya kwana 7 da rai a busasshen jini. Tun 2004 aka sa rigakafinsa cikin alluran jarirai a Nijeriya, amma manya da yawa ba su samu ba. Buroshi da tsumma su ma suna kai makero daga kan wani yaro zuwa na wani.

Saboda haka kowa ya je wurin aski da tasa askar ko sabuwar reza, har ranar askin suna. Wanzami kuma ya wanke askarsa da sabulu, ya tafasa ta minti 20 kafin ya sa wa wani. Bayan aski a ɗauraye buroshi, a yarfe shi, a rataye shi inda iska za ta busar da shi. Sabulun ma a tsiyaye ruwansa, a bar shi ya bushe kafin a mayar da shi zabira.