Guntun da ke kashe famfo idan rijiya ta ƙafe

Manomin rani a bakin madatsar ruwan Jibiya da mai gidan wanka a Magama, bakin iyakar Nijar, damuwarsu ɗaya: injin ruwa. Idan rijiya ta ja baya kuma sumo ya ci gaba da juyawa babu ruwa, zafi zai ƙone shi, domin ruwan da yake turowa shi ne ke sanyaya shi. Wani ɗan guntu mai suna maikurokontirola na iya hana wannan asara.

Mene ne shi? Kwamfuta ce cikakkiya a guntu guda, amma aiki ɗaya take yi. Allon Arduino, wanda aka fara ƙerawa a garin Ivrea na Italiya a 2005, shi ne ya fi shahara wurin masu koyo. Samfurin Uno na ɗauke da guntun ATmega328P mai wurin ajiyar umarni kilobayit 32 kacal, ko hoto ɗaya na wayarka ba zai ɗauka ba. Duk da haka ya isa ya yi ta maimaita abu uku: ya karanta na'urar auna ruwa, ya gwada da iyakar da aka sa masa, sannan ya kunna ko ya kashe injin.

To, guntun ba ya zuwa da wayo. Sai wani ya rubuta masa umarni, galibi da harshen C. Nan ne masu aikin kansu ke shigowa: ka faɗa musu buƙatarka, su rubuta, ka biya. Sai dai wanda bai san Jibiya ba zai iya rubuta umarni mai kyau a kan tebur, ya gaza a gona.

Ga misali. A bakin iyaka, layin waya kan tsallaka ya kama sabis na Nijar ba tare da ka motsa ba. Na'urar da aka tsara ta turo maka saƙo idan injin ya tsaya za ta iya cinye kuɗin layin, ko ta yi gum. Gwani zai ɗaure ta ga kamfanin waya ɗaya, kuma ya sa kashe injin bai dogara da sabis ba. Haka nan zai kunna agogon tsaro da ke cikin guntun, wanda ke tayar da shi idan ya daskare, ya kuma yi la'akari da zafin bazara da ƙurar hunturu.

Kafin ka biya, yi tambaya uku: Me na'urar za ta yi idan wuta ta ɗauke ta dawo? An gwada ta da injina, a wurina? Za ka ba ni rubutun umarnin? Na ƙarshen nan kada ka sassauta a kai. In babu shi a hannunka, ranar da mai aikin ya sauya lamba, gyaran layi ɗaya zai koma sabon aiki daga tushe.